Tsakanin Tukunus da Allon Aji

Kilomita 20 ne, ko kusa da haka, tsakanin Filinge da tashar kiwo ta Tukunus. Tun 1954 ake renon shanun Azawak a wannan fili mai faɗin hekta fiye da 4,000. A zaɓi saniyar da ta fi nono, a auna abin da ta bayar, a rubuta uwarta da ubanta, a jira a ga abin da ƴarta za ta yi. Ɗalibai da yawa na Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai sun zo nan sun yi watanni, sun koma sun rubuta kundin mastar ko na dokta a kan nono, ciyawa, barbarar allura da cututtukan dabbobi. Mu kuwa da muka koyar da ilimin halittu a makarantun Kurfai, wato yankin Filinge, darasin gado a allo muke yin sa, da alli, da waken Mendel wanda yaro bai taɓa gani ba balle ya ci. Yaron da ke kwafar darasin, wataƙila kafin ya fito gida sai da ya riƙe wa uwarsa maraƙi tana tatsar wata jar saniya da jininta ya fito daga garken nan.

Ba na ɗora wa kowa laifi. Ɗalibin bincike kuɗin mota da na awon samfur aka ba shi, kwanakinsa ƙidayayyu ne, malaminsa na jiran sakamako a Yamai. Malamin aji kuma manhaja ke bin sa, ga jarrabawar BEPC da ta Bak suna tafe. Babu wanda aka ce wa ya haɗa su, babu kuma wanda aka ba ko dala don ya yi hakan. Wasu ƙasashe sun ga wannan giɓin, suka ware masa kuɗi na musamman. Abin da suka yi, da abin da za mu iya tsinta a ciki, shi nake so mu duba.

A 1999 hukumar da ke ba da kuɗin binciken kimiyya a Amurka, wato NSF, ta buɗe wani shiri mai suna GK-12. Shugabarta a lokacin ita ce Rita Colwell, masaniyar ƙwayoyin cuta da ta yi suna a binciken kwalara. Jami'a ce ke rubuta takardar neman kuɗi, ta ce ga makarantun firamare da sakandare da muka yi yarjejeniya da su, ga kuma ɗalibanmu masu karatun gaba da digirin farko. In takardar ta ci, sai a ba jami'ar kuɗin ƴan shekaru ta riƙa biyan ɗaliban. A shekarun ƙarshe na shirin, kowane ɗalibi na karɓar dalar Amurka 30,000 a shekara, wajen sefa miliyan 15 ke nan a canjin wancan lokaci, ban da wasu 10,500 na kuɗin makaranta. Abin da ake nema a wurinsa shi ne awa 10 kowane mako a cikin aji, da wasu ƴan awoyi na shiri, yana kuma ci gaba da bincikensa. Malamin da ya karɓe shi a ajinsa shi ma ana ba shi nasa, har zuwa 4,500 a shekara. Kafin a rufe shirin, ɗalibai fiye da 10,000 sun bi ta cikinsa.

Kada adadin kuɗin ya ɗauke mana hankali, rayuwarsu da tsada take. Abin lura shi ne yadda aka raba aiki. Ɗalibin bai zo karɓe alli ba. Aji na malami ne, shi ya san yaransa, shi ya san wanda bai karya kumallo ba da wanda ke jin tsoron ɗaga hannu. Baƙon yana zuwa ne da abin da malami ba shi da lokaci ko hanyar samu: kayan awo, tambayar da har yanzu ba a san amsarta ba, da kuma hannun da ya saba yin gwaji ya lalace a sake. Su biyun ke zama su tsara darasi, kuma shekara guda cur suke yi tare. Ziyarar yini ɗaya da ɗaukar hoto wani abu ne dabam.

Faransa ma tana da nata. Georges Charpak, wanda ya ci kyautar Nobel ta fiziks a 1992, shi da abokansa Pierre Léna da Yves Quéré suka kafa shirin La main à la pâte a tsakiyar shekarun 1990, don yaran firamare su riƙa taɓa abu da hannunsu kafin a ba su ƙa'ida. Daga cikinsa aka sami tsarin da ɗaliban kimiyya da na injiniya ke raka malaman firamare cikin aji. Tun 2009 kuma kwantaragin ɗalibin dokta a can ya ba shi damar ware har kwana 32 a shekara don kai kimiyya ga jama'a, a kuma biya shi a kan haka.

Na san abin da mai karatu na Nijar zai ce: ai muna da wannan, ga sabis sibik. Ta nan ni ma na shigo koyarwa, kuma ba na raina shi, da babu shi da makarantun karkara da yawa ba su ga malamin lissafi ba. Sai dai ba abu ɗaya ba ne. Ɗan sabis sibik ya gama karatu, ya bar ɗakin gwaji, an ba shi takarda an ce ga makarantarka. Yana isa a miƙa masa alli da azuzuwa, shi kaɗai, domin dama rashin malami ne ya sa aka turo shi. Ramin da ya tarar shi yake cikewa, yana jiran pekil, wato ɗan alawus ɗinsa, yana ƙirga watannin da suka rage cikin shekara biyunsa. Haka ƴan bautar ƙasa suke a Najeriya tun 1973. Abin da nake magana a kai yana buƙatar mutum biyu a aji ɗaya, ɗayan kuma ƙafarsa guda tana cikin bincike har yanzu.

Sau ɗaya na ga yadda abin ke iya zama, kuma ba da shiri ba. Wata ɗaliba mai karatun mastar a kan ruwan ƙarƙashin ƙasa ta sauka a gidan maƙwabcina, ta zo awon rijiyoyin Dallol Boso. Ta same ni tana neman yara biyu da za su nuna mata rijiyoyin unguwa. Na ce zan ba ta, amma ta fara shiga aji tukuna.

"Baba Malam, ni fa ban iya koyarwa ba."

"Ƴata, wa ya ce ki koyar? Ki zo da igiyar nan taki su gani."

Igiyar awo ce mai lambobi, a bakinta akwai ɗan ƙarfe da ke sa na'ura ta yi ƙara da zarar ya taɓa ruwa. Muka fita da aji zuwa rijiyar da ke bayan makaranta. Yara suka yi ta zurawa suna jawowa, suna gardama a kan inda za a fara ƙirgawa, daga bakin rijiya ko daga ƙasa. Wannan gardamar kaɗai ta fi darasin awo da na saba yi. Can sai wata yarinya da ba ta cika magana ba ta ɗaga hannu.

"Madam, ruwan da ke ciki, na daminar bana ne ko na bara?"

Baƙuwar ta yi shiru na ɗan lokaci. Sannan ta ce wannan ita ce tambayar da ta sa take cika ƴan kwalabe tana kai wa ɗakin gwaji, domin ruwa na ɗauke da alamun da ke nuna daɗewarsa a ƙasa, wani na shekarun nan ne, wani kuwa ya fi kakannin kakanninmu tsufa. Ta yi ƙoƙarin bayani da Faransanci, ta ga idanu sun yi fari, ta koma Hausa, ta sake lalubo hanya. Da yamma ta ce mini ba ta taɓa jin ta fahimci aikinta kamar ranar ba. Ba ta sake dawowa ajin ba. Kuɗin da aka ba ta na mai ne da na awon kwalabe, kuma sun ƙare a ranar da aka tsara za su ƙare.

Abin da ta faɗa da yamman nan an auna shi. A 2011 mujallar Science ta buga binciken David Feldon da abokan aikinsa, waɗanda suka bi ɗalibai 95 masu karatun gaba da digirin farko tsawon shekarar karatu guda. Sun duba takardun tsarin bincike da ɗaliban suka rubuta a farkon shekara da ƙarshenta. Waɗanda suka haɗa bincike da koyarwa sun fi waɗanda suka yi bincike zalla ci gaba a abu biyu: fitar da hasashen da za a iya gwadawa, da tsara gwajin da zai ba da amsa ta gaskiya. Malaman jami'a da ke ganin shiga aji ɓata lokacin ɗalibi ne, ya kamata su tsaya a kan wannan. Wanda ya taɓa tsayawa gaban yara 70 yana neman yadda zai ce "me ya sa" ba tare da ya ɓuya bayan manyan kalmomi ba, ya san dalili.

To me za su yi a Kurfai, inda makarantu da yawa ba su da ɗakin gwaji, wasu azuzuwan ma na zana ne? A nan ne nake ganin mun fi wasu sa'a, domin abin da masu bincike ke zuwa nema daga nesa yana bakin ƙofarmu.

A fara da ruwan sama, tunda shi ne hirar kowa daga Bonkuku har Shikal. Ƙasar Kurfai tana samun abin da bai wuce milimita 300 zuwa 400 ba a yawancin shekaru. Kowa na jin rediyo na cewa an yi milimita kaza a Filinge, amma yara nawa suka san abin da ake nufi? Milimita 1 lita 1 ce a kan fili mai faɗin mita guda tsawon mita guda. A gona mai hekta 1, lita 10,000 ke nan, duro 50 masu cin lita 200. Ranar da yaro ya yi wannan lissafin da kansa, ya gane ruwan milimita 20 na daren jiya duro 1,000 ne a gonar ubansa, sai ya tambayi inda ruwan ya tafi, kuma daga nan darasin ƙasa da na tsiro ya buɗe. Ma'aunin ruwa kuwa gwangwani mai miƙaƙƙen jiki da rula sun isa a fara. A farkon shekarun 1990 masu bincike na ORSTOM, wadda ake kira IRD yanzu, tare da hukumar yanayi ta Nijar, sun dasa ma'aunai kusan 100 a kewayen Yamai. Sun gano cewa wurare biyu da tazararsu ba ta wuce kilomita 10 ba na iya bambanta da fiye da milimita 100 a damina ɗaya. Manomi ya daɗe da sanin haka, shi ya sa yake raba gonakinsa gabas da yamma. Abin da ya rage shi ne rubutawa.

Wani zai ce ai lokacin ruwa makaranta na hutu, ana rufewa a Yuni a buɗe a Oktoba. Ni a wurina hutun ma taimako ne. Yaran kwalejin Filinge daga ƙauyuka suke, da hutu kowa na komawa gona. A ba yara 30 ma'auni 30 da ɗan littafi, a Oktoba su dawo da alƙaluman ƙauyuka 30 waɗanda babu wata hukuma da ke da su. Ɗalibin da ke rubuta kundi a kan sauyin yanayi zai so ya same su, da sharaɗin ya koya wa yaran awo tun a Mayu, ya kuma zauna da su su tace kurakurai. Wani zai manta kwana uku ya cike da ƙiyasi, wani akuya za ta kifar masa da gwangwani. Gane irin wannan a cikin jerin lambobi shi ne rabin aikin mai bincike.

Sai rijiya. A yankin da ke gabas da Yamai, tsakanin kogin Kwara da Dallol Boso, masu bincike irin su Christian Leduc da Guillaume Favreau sun tattara awon rijiyoyi na shekaru masu yawa, suka ga abin mamaki. Daga 1963 zuwa 2007 ruwan ƙasa ya hau sama da kimanin mita 4, alhali cikin waɗannan shekarun ne aka yi manyan fari na 1973 da 1984. Dalili shi ne sare daji da faɗaɗa gonaki. Ƙasa ta zama fako, ruwa ba ya shiga inda ya faɗi, sai ya gangara ya taru a tafkuna, daga ƙarƙashin tafkin kuma ya nutse ya isa ruwan ƙasa. Wato rijiya na cika saboda gona na lalacewa. Shin haka abin yake a namu ɓangaren Dallol, ko kuwa namu sauka yake yi? Igiya mai ƙulli a kowane rabin mita, da awo sau ɗaya a wata a rijiya guda, da littafin da ake ajiyewa a ofishin darakta shekara da shekaru, za su ba da amsa. Aji ɗaya ya gama ya miƙa wa na bayansa.

A gona kuma akwai murzuna, tsutsar nan da ke bin zangarniyar hatsi tana sassaƙa ta. Tun 2006 masu bincike na INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, a Maradi, daga baya tare da Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da ICRISAT, suke yaƙar ta da wani ɗan mitsitsin ƙwaro dangin zanzaro mai suna Habrobracon hebetor. Macen tana harbin tsutsar ta sandare, ta sa ƙwai a jikinta, ƴaƴan su ƙyanƙyashe su cinye ta. Ana renon ƙwaron cikin ƴan ƙananan buhunan algarara, a rataye su a kewayen gari lokacin da hatsi ke fitar da kai, su fito su bazu cikin gonaki. Ɗalibai da dama sun sami digirinsu a kan wannan aikin. Ka ce ɗaya daga cikinsu ya zo aji da kwalba mai tsutsa da ƙwaron a ciki, ya bar ta a kan taga mako biyu yara na leƙawa kowace safiya. Babin da ke magana a kan yadda halittu ke cin juna ba sai an haddace shi ba kuma.

Wake ma haka. Buhun PICS mai ruɓi uku, wanda Jami'ar Purdue ta yaɗa a ƙasashenmu daga 2007 tare da masu binciken Nijar, ba magani ne a cikinsa ba. Ƙwarin da ke cikin waken ne ke shanye iskar da ta rage, su daina ci, su mutu. Gorar roba biyu, a cika su da wake mai ƙwari, a toshe ɗaya tam, a rufe bakin ɗayar da ƙyalle, bayan wata biyu a zazzage a ƙirga ƙwayoyin da suka huje. Yaro ya koyi numfashi, ya koyi dalilin da ya sa kowane gwaji ke buƙatar abin kwatantawa, ya kuma koma gida da abin da zai gaya wa uwarsa game da rumbu. Ruwan zoɓo kuwa, ɗiga masa tsamiya ya ƙara ja, ɗiga masa jiƙon kanwa ya rikiɗe ya yi duhu ya koma wajen kore. Babin sinadarai masu tsami da kishiyoyinsu ke nan, da kayan dala ashirin. Kuma da yake Filinge na ɗan sama da digiri 14 arewa da tsakiyar duniya, sau biyu a shekara, a ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta, sandar da aka kafa a miƙe takan rasa inuwa da tsakar rana. Na Afrilun yana faɗowa ana cikin karatu.

Malami zai iya yin duk wannan shi kaɗai? Wasu na yi, Allah Ya saka musu. Daga 2006 shirin SMASSE, wanda hukumar JICA ta Japan ta tallafa, ya horar da malaman lissafi da kimiyya na sakandare, kuma jihar Tillaberi na cikin inda aka fara, tare da Yamai da Doso. Abin da aka koya mana ke nan, a yi gwaji da kayan da ke hannu. Amma horon ƴan kwanaki ne. Ka dawo ka tarar da azuzuwanka cike, ga takardun gyara jibge, ga gwajin da ka gwada ya ƙi, babu wanda za ka tambaya. Gwaji yana son mutum na biyu, wanda zai zagaya tebur-tebur yayin da kai kake riƙe da aji.

Batun kuɗi ke nan ya rage, kuma a nan nake da ra'ayi mai ƙarfi. Ba sabon ofishi ake buƙata ba, ba kuma motoci masu tambari ba. Hanyoyin da kuɗi ke bi su isa hannun ɗalibin bincike suna nan. Akwai ANAB, hukumar da ke biyan bursi. Akwai WASCAL, wadda Jamus ke ɗaukar nauyinta, mai horar da ɗaliban Afirka ta Yamma a kan yanayi da makamashi a Jami'ar Abdu Mumuni. Akwai cibiyar AGRHYMET da ke Yamai tun 1974. A cikin cibiyoyin ƙwarewa da Bankin Duniya ya tallafa a jami'ar, ɗaya ta kiwo ce, nama da nono da fatu, ɗaya kuma a makarantar horar da malamai take, aikinta koyar da lissafi da kimiyya. Ga Jami'ar Boubakar Bâ ta Tillaberi, wadda aka kafa a 2014, mai tsangayar aikin gona. Ɗalibansu da yawa suna zuwa karkara. Layi ɗaya ake so a ƙara cikin kasafin kowane ɗalibi: ga ƙarin kaza a wata ga wanda ya ɗauki aji guda ya yi shekara da shi, ga kuɗin mota, ga na kayan gwaji, ga kuma rabon malamin da ya karɓe shi.

Wannan na ƙarshen kada a taɓa shi. Malamin kwantaragi da ke jiran albashinsa, a turo masa yaro sa'an ƙanensa da sabuwar kwamfuta da alawus, a ce ya buɗe masa aji ya kuma ƙara awoyin shiri a kyauta? Zai yi masa sannu da zuwa, ya ba shi kujera, ya koma gindin bishiya. Amurkawa sun gane haka, shi ya sa suka sa wa malami nasa kason tun a takarda.

Akwai kuma darasi a yadda shirin nasu ya ƙare. A farkon 2011 NSF ta ba da sanarwar ba za ta sake ba da sabon tallafin GK-12 ba, ta ce shirin ya cim ma abin da aka kafa shi dominsa, kuɗin kuma za su koma wasu wurare. Jami'o'in da suka riga suka mayar da abin nasu sun ci gaba da aljihunsu, sauran suka naɗe tabarma. In ƙasa mai arzikin Amurka ta iya janye hannu cikin shekara guda, ina ga mu da muka saba ganin allunan ayyuka suna tsatsa a bakin hanya bayan masu kuɗin sun tafi? Shi ya sa na fi son a rubuta layin nan na ƙarin kuɗi cikin ƙa'idar bursi da ta makarantun dokta, ko da kuɗin kaɗan ne, a kan a jira wani babban shiri daga waje.

Mutumin da jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa ba zai ga baƙon abu a nan ba. Abdu Mumuni Dioffo, haifaffen Tasawa a 1929, ya ci babbar jarrabawar malanta ta Faransa a fannin fiziks a 1956, kuma yaran lise ya fara koyarwa, a Dakar da Konakiri da Bamako, kafin ya dawo gida ya shugabanci ONERSOL, ofishin makamashin rana, daga 1969. Littafinsa na 1964 a kan ilimi a Afirka ya nemi a koyar da yara da harsunansu, a kuma haɗa karatu da aikin da jama'a ke rayuwa a kai. Yanzu da dokar ƙasa ta 2025 ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, za a buƙaci mutanen da suka san kimiyya da gaske kuma suka saba faɗin ta da Hausa a gaban yara. Ba a ɗakin taro ake samun irinsu ba.

Babban cikas ba sai na ɓoye shi ba. A 2022 makarantu fiye da 800 ne ke rufe a jihar Tillaberi saboda rashin tsaro, yara fiye da 70,000 suna zaune. A 2020 aka hana hawan babur, wanda shi ne abin hawan malami da na mai bincike, a sassa da yawa. Babu uban da zai so a tura ɗansa ƙauyen da malamai suka gudu. Masu bincike na waje kuwa sun daina zuwa tuni. Amma yaran ƙauyukan da aka rufe da yawa sun taru a garuruwa irin Filinge da Balleyara, kuma akwai waɗanda ba sai an tura su ba, domin gida ne. Ƴaƴan Kurfai da ke karatu a Yamai da Tillaberi da Maradi, duk hutun damina suna hawa motar Filinge, kilomita 180 daga Yamai, su zo su buɗe darussan hutu ga ƙannensu masu shirin jarrabawa. Ba wanda ke biyansu. Allin ma karo-karo suke yi su saya. Sun san wace rijiya ce ta wa, sun san gaban wanda za a durƙusa kafin a dasa gwangwani a gona, kuma ba wanda zai tambaye su daga ina suke.

Da su za a fara. Cikinsu a zaɓi masu mastar da dokta a fannin noma, kiwo, ruwa da lissafi, waɗanda filin bincikensu ke cikin Dallol. Takarda guda ta isa, mai sa hannu uku: malamin da ke duba kundin ɗalibin, daraktan makaranta, da malamin aji. A rubuta wane aji, wane babi na manhaja, sau nawa a wata, da abin da za a bar wa makaranta in shekara ta ƙare, ko littafin awon rijiya ne ko ma'aunan ruwa. A biya kuɗin kashi-kashi, kashin ƙarshe sai ɗalibin ya dawo ya tsaya gaban yaran da iyayensu ya faɗi abin da binciken ya gano, da Hausa ko Zabarmanci ko Tamashek, gwargwadon garin. Kuma a sa hannun tun a Mayu, kafin ruwan shuka, domin in aka jira buɗe makaranta a Oktoba an yi asarar damina guda.